Ciwon Hanta Nau'in C: Kada Mu Jira Sai Ido Ya Yi Ɗorawa

Jama'a, idan aka ce wa Bahaushe wane yana fama da ciwon hanta, abin da zai fara dubawa shi ne idon mutumin. In ya ga ido ya yi ɗorawa, an kuma ce masa fitsari ya yi ja kamar ruwan shayi, sai ya ce ai shawara ce, nan da nan a shiga neman saiwa da sassaƙe, a hana mara lafiya cin mai. In kuwa ido fari ne tas, to magana ta ƙare, lafiyarsa lau, kowa ya kama gabansa. Wannan awo da muke yi da ido shi ne nake ganin yana cutar da mu, musamman mu mazauna Kudu da muke nesa da dangi, kowa ya duƙufa neman abin da zai aika gida, babu mai lokacin zuwa asibiti sai ciwo ya kwantar da shi. Domin kuwa akwai wani nau'in ciwon hanta wanda yake iya shekara 20 ko 30 a jikin mutum yana ɓarna, ido bai sauya ba, jiki bai yi zafi ba, mai shi yana sauke buhu a Mile 12, ko yana dillanci a kara, ko yana canji a Sabo. Ran da idon zai yi ɗorawa kuwa, sau da yawa aikin gama ya riga ya gama. Shi ne likitoci suke kira ciwon hanta nau'in C.

Da farko ya kamata mu rarrabe, saboda suna ɗaya ne amma cututtukan daban-daban ne. Ƙwayoyin bairos da suka shahara wajen kama hanta guda biyar ne, an laƙaba musu haruffan A da B da C da D da E. Na A da na E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, irin shawarar da ke zuwa da zafinta ta kuma tafi bayan 'yan makonni ke nan. Na B da na C kuwa ta jini suka fi shiga, kuma su ne masu zama daram. Na B yana da allurar rigakafi, tun shekarar 2004 ma aka sa ta cikin alluran da ake yi wa jarirai a Nijeriya, sai dai maganinsa danne shi yake yi, ba ya fitar da shi kwata-kwata. Na C ba shi da rigakafi, amma yana da magani mai warkarwa sarai. A riƙe wannan bambanci da kyau, don sau da yawa za ka ji mutum yana bugun ƙirji yana cewa shi an yi masa allurar ciwon hanta, saboda haka ya wuce wurin. Allurar B ce aka yi maka, malam, ita kuwa ba ta san da zaman C ba.

Har zuwa ƙarshen shekarun 1980 likitoci ba su san ainihin wannan ƙwayar cuta ba. Suna dai ganin mutanen da aka yi wa ƙarin jini suna kamuwa da ciwon hanta, a gwada A babu, a gwada B babu, sai suka riƙa kiransa wanda ba A ba kuma ba B ba. Sai a shekarar 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano ta a Amurka, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2020 tare da Harvey Alter da Charles Rice. Abin da wannan tarihi yake nufi gare mu shi ne, duk wanda aka ƙara wa jini kafin farkon shekarun 1990, ko a wace ƙasa ce, ba a binciki jinin nan a kan C ba, domin abin binciken ma bai samu ba tukuna. Dattawanmu da aka yi wa aiki a wancan zamani, da iyaye mata da suka zubar da jini wajen haihuwa aka ƙara musu, su ne na farko da ya kamata su ji wannan magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da wannan cuta a duniya, kimanin miliyan ɗaya suna kamuwa duk shekara, kuma ta kashe mutum wajen 242,000 a wannan shekarar, akasari ta hanyar ƙandarewar hanta da sankarar hanta. Abin da ya fi ba ni tsoro a ƙididdigar shi ne, kashi 36 cikin 100 kacal na masu cutar ne aka gano. Sauran suna yawo da ita ba su sani ba. A nan gida, babban binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Wani zai ce ai kashi ɗaya da ɗoriya ba wani abu ba ne. To ka yi lissafi: kasuwar da manya 2,000 ke hada-hada a cikinta, mutum 22 ke nan. Kuma wannan matsakaicin ƙasa ne baki ɗaya, akwai wuraren da abin ya ninka haka nesa ba kusa ba, shi ya sa ma gwamnatin jihar Nasarawa ta ƙaddamar da shiri na musamman a 2020 don kawar da cutar daga jihar. Mu kuwa a unguwanninmu na nan babu jihar Arewa da ba ta da wakili, kuma abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba.

To ta ina take shiga? Hanyarta ɗaya ce, jinin mai cutar ya haɗu da jinin mai lafiya. Ba sai jini mai yawa ba, ɗan abin da ido ba ya gani a bakin allura ko reza ya isa, kuma ƙwayar tana iya kwanaki, har makonni, da ranta a cikin busasshen jini.

Hanya mafi haɗari ita ce ƙarin jinin da ba a bincika ba, kuma a nan ne zaman baƙunci yake jefa mu cikin matsala fiye da kowa. A gida, in mace ta zubar da jini wajen haihuwa, kafin ka ce kwabo ƙanne da yayye da maƙwabta sun cika asibiti kowa yana miƙa hannu. A nan kuwa mutum ne shi kaɗai da matarsa cikin tsakar dare, ko ɗan acaɓa ne aka kwaso daga bakin titi, likita ya ce a kawo leda biyu yanzu-yanzu. Sai a faɗa hannun dillalan jini da masu sayar da nasu a bakin ƙofa, waɗanda ba za su taɓa faɗa maka gaskiyar tarihinsu ba tunda kuɗi suke nema. Ƙa'ida ita ce a binciki kowace leda a kan cututtuka huɗu: ƙanjamau, da ciwon hanta B, da C, da tunjere. Akwai Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa wadda dokar 2021 ta kafa, jihar Legas ma tana da tata hukumar mai sa ido a kan haka. Saboda haka ba rashin kunya ba ne ka tambayi ma'aikaci ko an binciki jinin da za a sa wa matarka, ka kuma nemi ganin shaidar a jikin ledar. Iyayen yara masu sikila, waɗanda ake yi wa ƙarin jini a kai a kai, su ne ya fi kamata su dage a kan wannan tambaya, haka nan masu wankin ƙoda.

Hanya ta biyu ita ce allura, kuma a nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Mu mutane ne masu son allura. In aka ba mutum ƙwayoyi yana ganin ba a yi masa komai ba, sai an tsira masa allura ko an ɗaura masa ƙarin ruwa sannan hankalinsa yake kwanciya. Saboda gudun layin asibiti da wahalar yare, sai a nufi ɗan kemis na bayan layi, ko a kira wani mai jaka ya zo har ɗaki. Da yawansu sun san a canza allura, amma ba su san cewa shi ma sirinji yana ɗaukar jini ba, ko kuma cewa kwalbar maganin da ake ta zuƙa daga cikinta, in an tsoma mata sirinjin da aka yi amfani da shi sau ɗaya, to ta gurɓace ga duk wanda zai biyo baya.

Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce ya dubi abin da ya sami ƙasar Masar. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 gwamnatin ƙasar ta yi gangamin yaƙi da tsargiya a ƙauyukan bakin kogin Nilu, ana jera mutane a layi ana yi musu allura a jijiya da sirinjin gilashi wanda ba a tafasa shi yadda ya kamata tsakanin mutum da mutum ba. Niyya mai kyau ce, ma'aikatan gwamnati ne kuma suka yi. Amma da aka yi binciken ƙasa a 2008, sai aka tarar kusan kashi 15 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 59 sun taɓa kamuwa da nau'in C, kusan kashi 10 kuma suna ɗauke da shi a lokacin, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya. In allurar hukuma ta yi wa ƙasa guda haka, ina ga allurar mai jaka?

Sai hanya ta uku, wadda ta fi kusa da mu, don sana'armu ce. Ko'ina ka je a Kudu, daga Agege zuwa Shagamu, daga Onica zuwa Fatakwal, in ka ga mai yankan farce yana kaɗa almakashi a bakin titi, ɗan'uwanmu ne. Wanzami da zabirarsa namu ne. Shi ke aski, shi ke ƙaho, shi ke kaciya, shi ke cire beli da yi wa jariri tsaga ran suna. Ban kawo wannan don a zubar da mutuncin kowa ba, kuma ba na goyon bayan masu cewa a daina zuwa wurinsu, domin sana'a ce ta gado wadda take ciyar da gidaje. Gaskiya ne kuma haɗarin yanka ɗaya na aska bai kai na ƙarin jini ba. To amma ƙarin jini sau ɗaya ko biyu ake yi wa mutum a rayuwarsa, aski da yankan farce kuwa kusan duk mako ne, shekara da shekaru. Aska ɗaya ta bi kawuna goma ran Juma'a da safe, a goge ta a tafin hannu ko a tsumma. Ƙaho kuwa aikinsa ke nan fitar da jini, haka kaciya. Shafa kananzir ko fetur, ko wuce kilifa a kan wutar ashana na daƙiƙa biyu, duk ba abin dogaro ba ne. Abin da ke aiki shi ne sabuwar reza ga kowane mutum, a ɓare ta a gabansa. Kayan ƙarfen da ba a yarwa kuma a wanke su tas da sabulu, sannan a tafasa su minti 20. Mai hali ya sayi kilifarsa da abin yankan farcensa. A ɗakin gwauraye inda mutum takwas ke kwana kuma, a daina aron reza da buroshin goge baki.

Akwai kuma matasan da suka faɗa harkar allurar maye, waɗanda sirinji ɗaya yake zagaya su. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta masu tsira wa kansu irin wannan allura sun kai 80,000 a ƙasar nan, kuma a ƙasashe da dama ita ce babbar hanyar yaɗuwar cutar a yau. Wanda ya taɓa yi ko sau ɗaya ne, ko ya tuba shekara 15 da suka wuce, ya je a gwada shi. Uwa tana iya sa wa jaririnta, amma ba kasafai ba, kimanin jarirai biyar ko shida ne cikin 100, adadin yana ƙaruwa in tana da ƙanjamau. Tsakanin miji da mata ta hanyar kwanciya ba ta cika yaɗuwa ba, ko da yake ana so a gwada duka biyun. Cin abinci kwano ɗaya, shan ruwa moɗa ɗaya, musafaha, zama tabarma ɗaya, tari, cizon sauro, babu ɗaya da ke yaɗa ta. Shayarwa ma ba ta yaɗa ta, sai dai in kan nono ya tsage yana jini a dakata har ya warke. Saboda haka ware wa mutum kwano da cokali jahilci ne kawai da cin zarafi.

Yanzu bari mu shiga cikin ciki. Mahauta sun fi kowa sanin lafiyayyiyar hanta: santsi gare ta, ga taushi, ga ja mai duhu. Sun kuma san wadda in suka tsaga suka ga ta yi tauri da ƙuraje-ƙuraje sai su yar. Ta ɗan'adam nauyinta ya kai kilo ɗaya da rabi, tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Duk abin da ka ci ko ka sha, daga hanji wurinta jini yake fara kai shi. Ita ke tace guba, ita ke sarrafa magani, ita ke yin ruwan maɗaciya mai narka mai, ita ke ajiye sukari ta sako shi lokacin yunwa, ita ke yin sinadaran da ke sa jini ya daskare in ka yanke, da wanda ke riƙe ruwa a cikin jijiya kada ya tsiyaya. Kuma tana da haƙuri fiye da kima, ko da wani babban sashe nata ya lalace, ragowar sai ta ci gaba da ɗaukar nauyin aikin ba tare da ka ji komai ba. Wannan haƙurin nata shi cutar take fakewa a bayansa.

Idan ƙwayar ta shiga, mutum takwas cikin goma ba sa jin komai a farko. Sauran sukan ji kasala da ɗan zazzaɓi da rashin cin abinci tsakanin mako biyu zuwa wata shida, su sha maganin maleriya su wuce. Kimanin kashi 30 cikin 100 jikinsu yana korar cutar da kansa cikin wata shida. Sauran kashi 70 kuwa ta zauna ke nan. Ƙwayar tana hayayyafa cikin hanta, garkuwar jiki tana yaƙarta, wurin yana kumbura yana warkewa, kowace warkewa tana barin tabo. Tamkar gara ce cikin azara, daga waje ɗaki yana tsaye ƙyam. Shekara da shekaru tabo yana hawa kan tabo har ya game hantar ta ƙandare, kuma cikin masu ɗauke da cutar, kashi 15 zuwa 30 cikin 100 suna kai wa ga wannan mataki cikin shekara 20.

In hanta ta ƙandare, jinin da ke zuwa daga hanji ba ya samun hanyar wucewa, sai ya taru a baya. Saifa ta kumbura. Jijiyoyin da ke cikin maƙoshi su cika su yi tsamo-tsamo, wata rana ɗaya ta fashe, mutum ya yi ta aman jini ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, kuma ana iya rasa shi cikin sa'o'i. Ruwa ya taru a ciki, ciki ya yi tulu alhali hannuwa da fuska sun rame, ƙafafu su kumbura, jiki ya yi ta ƙaiƙayi, dasashi ya riƙa jini. Gubar da hanta ta kasa tacewa ta hau kai, mutum ya koma barcin rana da farkawar dare, ya fara mantuwa da sambatu, hannu yana karkarwa. A nan ne fa ido yake yin ɗorawa. A nan ne kuma muke cewa sammu aka yi masa a kasuwa, ko an ba shi wani abu a abinci, a fara zargin abokin ciniki ko kishiya, sannan a haɗa kuɗin mota a sa shi cikin tirela a kai shi gida. Mu nawa ne muka san wanda aka tafi da shi haka, bayan wata biyu aka aiko da saƙon rasuwa? Ban ce duka nau'in C ne ba, na B ma yana yin haka, har ya fi yawa a cikinmu. Amma kusan babu wanda aka gwada, balle a gwada matan da ya bari. Bugu da ƙari, ƙandararriyar hanta ita ce gonar sankara: cikin mutum 100 masu irin wannan hanta, ɗaya zuwa huɗu suna kamuwa da sankarar hanta duk shekara. Ɓarnar ba ta tsaya a hanta ba, cutar tana ƙara haɗarin ciwon sukari, tana kuma iya taɓa ƙoda da gaɓoɓi.

Ba kowa ne take yi wa sauri ɗaya ba. Abin da ya fi kome iza wutar shi ne giya, kuma kada mu yi kamar ba mu san abin da wasu yaranmu ke sha a tasha da bakin gada ba, daga ogogoro zuwa 'yar leda. Hatta wasu jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a kwalba da sunan maganin basir ko ƙarfin jiki, da barasa ake jiƙa su, mai sha bai sani ba. Haɗuwar C da B, ko C da ƙanjamau, tana gaggauta lalacewa, haka ƙiba da ciwon sukari, haka kamuwa da cutar bayan an haura shekara 40, kuma maza sun fi mata saurin lalacewa. 'Yan kasuwar hatsi su lura da gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna, domin gubar da ke cikinsu sananniya ce wajen jawo sankarar hanta, kuma suya ko dafuwa ba su kashe ta. Sai ɗabi'armu ta watsa farasitamol uku-uku huɗu-huɗu bayan an tashi daga dako, da haɗin ƙwayoyin da kemis ke ƙullawa a leda ba suna. Su kansu saiwoyin shawara, duk ɗacinsu hantar nan da ta gaji ce za ta tace su.

Mafita ita ce gwaji, kuma gwajin hawa biyu ne. Rashin sanin haka ya jefa mutane da dama cikin baƙin cikin banza. Na farko, wanda ake ɗiga jinin yatsa a ɗan katako a sami sakamako cikin mintoci, sawun ɓarawo yake nema. In ya nuna akwai, ma'anarsa ƙwayar ta taɓa shiga jikinka, ba lalle tana nan ba, wataƙila kana cikin kashi 30 ɗin nan da jikinsu ya kore ta. Na biyu shi ke neman ɓarawon kansa, wato ya auna ko ƙwayar tana cikin jini a yanzu. Ya fi tsada, kuma sai a manyan wurare, kamar asibitocin koyarwa na Ibadan da Idi-Araba da Benin da Inugu da Fatakwal, ko cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Yaba. Kada wanda ya fara shan magani, ko ya fasa aure, a kan gwajin farko kaɗai. Kada kuma wanda ya ruɗu don an ce gwajin aikin hantarsa ya yi kyau, ko hoton ciki bai nuna komai ba, suna iya yin kyau alhali ƙwayar tana nan.

Magani kuwa ya sauya ƙwarai. A da allurar intaferon ake yi duk mako har wata shida ko shekara, ga wahala kamar zazzaɓin da ba ya ƙarewa, kuma kusan rabi ne kawai ke warkewa. A ƙarshen 2013 aka amince da ƙwayar sofosbuvir a Amurka, a kan dala 1,000 kowace ƙwaya ɗaya, wato dala 84,000 na mako 12. Daga baya aka ba wasu kamfanoni, musamman na Indiya, izinin yin irinta, farashi ya faɗo warwas, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2024 ana iya samun cikakken magani na sofosbuvir da daclatasvir a kan dala 60 in gwamnati ta saya da yawa. Ana sha kullum sau ɗaya, mako 12 ga akasarin mutane, mako 24 ga wasu masu ƙandararriyar hanta, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 suna warkewa. Yara ma daga shekara uku ana iya ba su. Masar ɗin nan da allura ta jefa cikin bala'i, a 2018 ta fara gwada jama'arta kyauta, ta gwada kusan mutum miliyan 50 cikin 'yan watanni, ta ba masu cutar magani, a watan Oktoba na 2023 kuma ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shaidar zinariya a kan hanyar kawar da cutar.

Sai dai ba magani ba ne na a saya a kasuwa a sha. Dole a gwada B kafin a fara, domin in yana kwance a jiki yana iya tashi da ƙarfi lokacin da ake kashe C. Mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya ya faɗa wa likita, don wasu daga cikinsu suna karya ƙarfin wannan magani. Mace mai ciki ko mai niyyar ɗauka ita ma ta faɗa. A duba lambar NAFDAC, jabu yana yawo. Kwana 84 ɗin nan kuma a cika su cif, kada tafiya gida noma ko biki ta katse su. Bayan an gama da mako 12 a sake gwaji na biyu, shi ne shaidar warkewa. Warkewa ba rigakafi ba ce, ana iya sake kamuwa ta reza ko allura. Wanda kuma hantarsa ta riga ta ƙandare, ko ya warke sai ya ci gaba da hoton hanta duk wata shida, saboda haɗarin sankara ya ragu ne amma bai gushe ba.

Akwai wani abu da ya shafi haƙƙinmu kai tsaye. Sawun nan da gwajin farko ke gani ba ya gogewa har abada, ko mutum ya warke sarai. To da shi ake hana mutane aikin gadi da aikin gida da aikin kamfani, da shi ake mayar da kayan aure, ga shi kuma gwaji kafin aure yana ƙara yaɗuwa, jihar Kano ma ta mayar da shi doka a 2024. Saboda haka duk wanda ya warke ya adana takardar gwajinsa na biyu kamar yadda yake adana takardar fili. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa mara lafiya halin da yake ciki da hanyoyin magani, cikin harshen da yake ji in da hali, ta kuma hana fallasa sirrinsa. Dokar ba ta ce sai ɗan asalin jiha ba. In an miƙo maka takarda da Turanci an ce ka tafi, ka tsaya ka nemi tafinta.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya da sarakunanmu na unguwanni ita ce kada a tsaya ga lacca ran 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya, a sha lemo a watse. A nemi asibitin gwamnati mafi kusa a shirya ranar gwajin B da C a cikin unguwa, da ma'aikata mata da za su shiga wurin matan aure, magidanta kuma su ba da izini. A ware wani abu daga asusun da muke tarawa na kai gawa da mara lafiya gida, a riƙa biya wa marasa hali kuɗin gwaji na biyu, don a nan ne akasarin mutane suke tsayawa. A buɗe rajistar matasa masu lafiya da aka gwada, waɗanda za a iya kira cikin dare in ana neman jini. Sarkin aska ya tara wanzamai da masu yankan farce a yanke cewa kuɗin sabuwar reza yana kan mai aski, kowa ya bi, don kada wanda ya gyara ya rasa ciniki a hannun wanda bai gyara ba. Sakamakon gwaji kuwa a miƙa wa mai shi hannu da hannu cikin ambulan a rufe, kada ya bi ta hannun sakatare, ko mai unguwa, ko maigidan da yaro yake yi wa aiki.